Katantanwa a gindin rijiya

Kawuna, yayan mahaifiyata, mahaƙin rijiya ne a wani ƙauye kusa da Gwandu. A bazarar da rijiyoyin unguwarsu suka ƙafe, ya ɗauki alkawarin haƙa sabuwa. Da na je gida hutu daga gidan rediyon da nake aiki, na tarar ya kai zurfin gaba goma sha ɗaya.

Ya wuce marmara, ya wuce yashi da laka, ya iso wani farin dutse. A jikin ɓaraguzan da ake fitowa da su a guga akwai katantanwa birjik, duk sun zama dutse. Kawu ya ɗora mini ɗaya a tafi.

"Ɗan birni, ka san wannan? A fadamar Kalgo na tashi. Inda duk ka ga katantanwa, ruwa na kusa."

Na san ta. Na taɓa hira da wani masanin duwatsu, ya ce tun kafin a yi ɗan Adam teku ne ya rufe ƙasarmu. Halittunsa suka mutu suka kwanta a laka, lakar ta daskare, daga baya koguna suka binne ta da yashi. Wato ruwan da katantanwar ke ba da labari ya daɗe da tafiya. Amma mata na tsaye da tuluna, kuma ɗan ƙanwa ba ya gyara wa kawunsa magana a bainar jama'a. Na ce, "Allah ya sa, Kawu."

Al'adar mahaƙa ce kowace safiya su zura fitila a igiya kafin mutum ya sauka. In ta mutu, iskar ƙasa ba ta da kyau, ranar ba aiki. Washegari fitilar ta mutu. Aka sake kunnawa, ta sake mutuwa.

Abokin aikin Kawu ya ce, "Maigida, mu bari sai gobe."

"Kai dai ka cika tsoro! Danshin ruwa ne ke kashe ta. Kama igiya."

Kawu ya dube ni, kamar mai neman shaida. Na sunkuyar da kai.

Muka zura shi cikin ramin. Mun ji saran diga sau shida. Daga nan shiru. Da muka jawo shi, ba ya numfashi. Bayan azahar aka yi masa sutura.

Ba wanda ya yarda ya sake shiga ramin. Kafin damina aka cike shi, da ɓaraguzan da Kawu ya fitar.