Majo Rabilu da Irin Munkaila

Duk wanda ya kwana a Badagishiri ya san ba zakara ke tashe mu ba, tarin mobilet ɗin Majo Rabilu ne, wato ɗan babur ɗinsa. Da ya sallame asuba sai ya hau ta, ta yi tari uku ta mutu, ya sauka ya tura ta har ƙofar asibiti yana yi mata nasiha. Can zai ɗora tukunyar dafa allurai, ya share baranda da kansa, ya zauna jiran masu zawo da waɗanda kunama ta harba. Majo dai babban mai jinya ne, amma mu likita muke ce masa, tunda ba mu da wani. Shekara ashirin da shida haka. Watan jiya ya ajiye aiki, ba ganga ba kakaki, shi ya sa na ce bari in yi masa tawa.

Majo, kai ne mai allurar da ba ta kumburi. Kai ne ka ciro ƙwayar wake daga hancin ƴaƴanmu sau ba adadi. Amma aikin da zan faɗi a gabana aka yi shi, shekara tara ke nan.

Maƙwabciyata Saratu tana da ɗa guda, Munkaila, direban motar siminti a Malbaza. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, sai dai "wancan". Ciwon daji ya kama shi a wurin da ba a nuna wa uwa. Aka yi masa aiki a Yamai, aka ce ya koma bayan kwana arba'in a fara sa masa magani mai ƙarfi. Likitan ya yi masa bayani da Faransanci, shi kuwa yana ta "wi, wi" kamar ya gane, ya naɗe takardar ya sa a hula. Sai da Majo ya karanta ya ga abin da ke ciki: maganin na kashe ciwon in Allah ya so, amma yana iya ƙone haihuwa. Ga shi an ɗaura wa Munkaila aure da Asabe, wata bazawara mai ɗinki a Tajaye, tarewa kuwa sai bayan kaka. Mu ko muna tsakiyar bazara.

Majo ya fara faɗa wa Munkaila. Munkaila ya ce shi ko za a yanka shi ba ya iya kai wa uwarsa wannan zance. Dole Majo ya kira Saratu. To, mutumin da ke tsaga maruru ko ƙiftawa ba ya yi, ranar sai ga shi yana sosa ƙeya, don Saratu ƙawar uwarsa ce.

Ya ce, "Inna, maganin nan wuta ne. In za a sa wa gona wuta, ai iri ake fara killacewa."

"Gaskiya ne, ɗana."

"To a nemi irin Munkaila kafin kwana arba'in."

"Shina nan. Ni na adana shi da hannuna."

Majo ya ɗago kai. "Ke, Inna?"

"Ni mana! Wa zai bar wa wancan ajiya? Rabi cikin tulu da toka, rabi na rataye."

Kafin ya buɗe baki aka shigo da wata mai naƙuda, Saratu ta yafa zanenta ta yi gaba.

Washegari ranar kasuwa, asibiti cike. Sai ga Saratu da jaki: damin hatsi biyu, tulun wake, har da ƙullin guro, wato kuɓewa. Ni na riƙo mata tulun, ban san hawa ba ban san sauka ba. Ta tsaya tsakar fili ta ɗaga murya: "Majo! Ga irin wancan na kawo. Ɓera ya taɓa kaɗan, amma sauran lafiya lau!"

Majo ya ja mu ɗaki ya rufe ƙofa. Ya juya ya fuskanci bango kamar mai sallah, ya faɗe ta ɗanya: "Inna, jika nake nufi. Bayan maganin nan wataƙila ba zai sake haihuwa ba. A kawo Asabe ɗakinta makon nan."

Saratu ta ja mayafi ta rufe fuska. Can sai muka ji daga ciki: "Innalillahi! To mi ya hana ka hwaɗi hakanan tun jiya? Ka sa na wahal da jakin mutane."

Saratu ta so a ɗauko amarya shiru. Majo ya ce sam, sai Asabe ta ji komai da kunnenta. Ya tura mobilet har Tajaye, muna biye. Bai ɓoye mata ba: mijin na iya tashi, yana iya tafiya ya bar ta da maraya a ciki, kuma in ta ce a'a ba mai ganin laifinta. Ta tsayar da keken ɗinkinta. Sannan ta ce, "An ɗaura ko ba a ɗaura ba?" Aka ce an ɗaura. Ta ce, "To mijina ne. Mi muke jira, ruwan sama?"

Ashe ubanta Abarshi muke jira. Ya ce ɗiyarsa ba ta tarewa bisa tabarma, kafinta kuwa ya ce gado sai kaka. Majo ya ce, "Baba, ciwo ba ya jiran kafinta." Abarshi ya ce, "Ni kuma ba na jiran gori." Sau uku Majo yana zuwa, kwana shida suka tafi a banza. Ran na bakwai Majo ya kwance nasa gadon ƙarfe na aure, ya ɗora a motar siminti ya aika Tajaye. Matarsa Mariama ta dawo daga rijiya ta iske sawun ƙafa huɗu na gado zane a ƙasa. Har yau in aka ɗauko zancen sai ta yi tsaki.

Da aka tare, Majo ya rubuta takardar hana baƙi ya buga mata hatimin asibiti ya manna a ƙofar gida. Ba wanda ya iya karantawa, amma hatimi ai hatimi ne. Abokan hirar Munkaila suka ɗauke ƙafa, har mai kawo gaisuwa daga nesa yake yi.

Kwana suka cika, ba alamar ciki. Saratu ta durƙusa tana kuka: "Ƙara musu mako guda." Nan na ga ɗayan Majon. Ya ce, "Ko yini guda. Mun yi namu, saura na Allah. Rai ne gaba." Da hannunsa ya sa Munkaila a mota.

Wata bakwai Munkaila ya dawo, ba gashi ko na gira, iska na kaɗa shi. Asabe ta fito tarbarsa ciki ya riga ta fitowa. Ya zauna a dokin ƙofa ya yi ta kuka, Saratu na cewa, "Ku ce wa wancan ya tashi, mutane na kallo." Aka haifi Amina. Munkaila yana nan da ransa yana jan mota, kuma daga Amina Allah bai sake ba su ba.

Majo, kai ne ka karanta takarda har ƙasa. Kai ne ka haɗiye kunyarka ka faɗi abin da in an bari ya wuce ba ya dawowa. Ku ma'aikatan asibiti na yanzu, ku yi koyi: kafin ku sa wa mutum magani, ku faɗa masa abin da zai ɗauke, da harshen da yake ji. Mun gode, Allah ya saka, ya sa ka gama lafiya.

Amina tana aji biyu a lakwal, makarantar boko. Duk garin nan ita kaɗai ce ba ta gaishe ka, da ta hango ka sai ta ruga tana ihun "mai allura!" Ka yi haƙuri da ita. Ranar aurenta, in ina raye, ni zan kamo hannunta in kawo ta ta durƙusa.