Abdulgani Mai Wanke Gawayi

Kullum kafin masu shayi su hura wuta a Tanout, Malam Abdulgani ya buɗe ɗan ɗakinsa na awo. Ya daka gawayin karan gero, ya jiƙa a ruwan gishiri, ya girgiza, ya tace, ya ɗiga magani ya jira launi. Nitirat yake nema, abincin da ke sa ganyen gero ya yi kore shar, wanda ruwan sama kan wanke daga yashinmu. Yana son sanin nawa gawayi ke iya riƙe wa shuka. Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka, daga shi sai kwalabensa. Muka laƙaba masa Mai Wanke Gawayi, kuma ni ma na yi dariyar.

Da dalili aka guje shi. Shekarar farko abokinsa Audi, manomi a Gangara, ya ba shi gona ya gwada. Aka zuba gawayin yadda ya fito daga rami, ya shanye ɗan abincin da ke ƙasar, gero ya ƙanjame. Tun kafin bazara rumbun Audi ya zama wayam. Daga nan ko gaisuwa ta yanke.

Malam, da wani ne da ya tattara ya koma Damagaram. Kai ne ka zauna da kunyar, kana cin tuwonka kai kaɗai, har awo ya nuna maka gawayi da yunwarsa yake zuwa, sai an ƙosar da shi tukuna. Ka roƙi Hamma makiyayi ya bari ka shimfiɗa shi inda shanu ke kwana bayan girbi. Hamma ya ce wata uku kana zuwa tsintar baƙin abu cikin kashin shanu, har ya fara tausaya maka.

Ranar da Malam ya ajiye aiki an jera kujeru ashirin don bankwana, mu huɗu muka zo. Ana shirin tashi sai ga Audi a amalanke, ya sauke damin gero a gabansa.

"Bara na shimfiɗa gawayin naka ƙarƙashin awakina, ban gaya wa kowa ba," in ji shi. "Auna wannan."

Malam ya dafa damin.

Mun gode, Malam, ka yafe mana dariyarmu. Ku kuma matasan yankinmu na Damergou da kuka yi karatun noma, mabuɗin ɗakin nan yana rataye a ƙusa. Har yau babu wanda ya zo ɗauka.