Mai Kiran Kowa Kollega

A bakin wani sito a Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa, Nuriyya tana jiran a loda mata kayan gyaran mota zuwa Kano, amma idonta yana kan wani mutum da ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, Hausarsa irin ta Zangon Kumasi. Ya je bakin kwantenar da ake loda masa kaya ya dawo, ya duba waya, ya mayar aljihu, ya sake zarowa. Duk leburan da ya gifta sai ya ce masa, "Sannu, kollega."

Ta san kalmar daga bakin ƙanenta da ke Sweden, haka suke kiran abokin aiki a can, har Finland. Sai take raya wa ranta cewa bawan Allahn nan ya daɗe a ƙasar sanyi, ƙila a wata masana'anta, kafin takardunsa su ƙare a nuna masa hanya.

Can ga wani lebura ɗan Bangladash yana fama da ɗaukar giyabos na mota shi kaɗai, ƙafafunsa na rawa, mai sito na daka masa tsawa ya yi sauri, "Yalla, yalla!" Daidai nan kiran da dogon mutumin yake ta jira ya shigo. Ya bar wayar tana ruri a aljihu, ya kama ɗaya gefen, baƙin mai ya ɓata masa farar riga.

"Alhaji, ai kai ne mai kayan," in ji Nuriyya.

"Hajiya, shekara da shekaru ni ne a wancan gefen," ya ce yana haki. "Ɗaga, kollega."