Alkyabbar Da Aka Yafa Mini A Gidan Kifin Jidda

A shekarun da kuɗin mai suka fara malala a Jidda, ni magidanci ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, haifaffen unguwar Ruwais, jikan mutanen da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji suka zauna. Ina da takardar ɗan ƙasa, abin da yawancin maƙwabtana ba su da shi, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da ita. Karatuna ba mai zurfi ba ne, amma cikin masunta na tashi, na san teku kamar tsakar gidanmu. Edita, yanzu na tsufa, ba ni da sauran abin karewa, shi ya sa na rubuto muku. Ba zan kama sunan kowa ba. Ba don sun cancanci a rufa musu asiri ba, sai don sunayensu ba su kai in ɓata tawada a kansu ba.

Ina aiki ne a wani gidan shaƙatawa na wani kamfani a bakin teku, arewa da gari, inda ake biyan kuɗin ƙofa a shiga kallon halittun ruwa. Akwai manyan akwatunan gilashi cike da kifaye masu launi, da tafkin kunkurun ruwa, da lilon yara, amma abin da ke janyo jama'a shi ne abu salama guda biyu, manyan dabbobin nan na teku masu dogon baki da ke tsalle su karɓi kifi a hannun mutum. Ni ne shugaban masu ba su abinci. Wanda ya kafa wurin wani tsohon attajiri ne, marowaci na gaske, wanda zai ɓata safiya guda yana cinikin kwandon kifi, amma bai taɓa barin dabba ta kwana da yunwa ba, bai kuma taɓa barin ma'aikaci ya ga sabon wata ba albashi ba. Kullum sai ya ɗebi ruwan tafki a tafin hannu ya sansana, in bai yi masa ba ya wanke mu tas. Ran wurin duka yana ga injin da ke janyo sabon ruwan teku ya fitar da tsohon. In ya tsaya, a zafin Jidda, ruwan zai ɗume ya kashe duk abin da ke ciki.

Da tsohon ya rasu muka ga ikon Allah. Babban ɗansa, wanda ya yi karatu a waje ya dawo da baƙin tabarau da ƙamshin turare, shi ya fara hawa kujera. Aikinsa na farko ya sake wa wurin suna, ya ɗinka mana riguna masu hoton kifi a gadon baya, amma bai taɓa tsayawa bakin tafki ba, wai ƙarni yana tayar masa da zuciya. Da ya gaji ya miƙa wa mijin yayarsa, wani mai sayar da tayoyi, wanda ya gano cewa dabbobin sun cika ci. Ya rage musu kifi, har ya tambaye ni, ba da wasa ba, ko ba za su ci ragowar shinkafar ɗakin abinci ba. Bayansa aka ɗauko wani manaja na haya daga wata ƙasa, mai yawan murmushi, ya sallami Yamanawan da ke kula da injin ruwa da masu nutso su wanke tafki, ya cika ofis da 'yan garinsu da ba su iya komai ba sai kaɗa cokali a kofin shayi. Duk wanda ya zo sai ya tara mu a rana ya ce sabon zamani ya shigo. Duk wanda ya tafi sai a wayi gari mota ko na'urar sanyaya ɗaki ta bi shi. Albashi ya fara latti, masu kawo kifi suka fara ɗaure fuska, masu kallo suka ja baya.

Ana cikin haka aka aiko in je gidan magadan. Aka zaunar da ni kan kafet mai laushi, aka kawo gahawa da dabino, babban ɗan nan da bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba yana ta kirana baffa. Ya ce mahaifinsu bai yarda da kowa kamar ni ba, baƙi sun cuce su, yanzu sun gane ɗan gida ne zai gyara wurin. Ya tashi da kansa ya yafa mini alkyabba baƙa mai bakin zinare, ya ce shi ke nan, daga yau ni ne mudir, wato shugaban wurin baki ɗaya. Aka kawo takardu na sa hannu. Ban tambayi kaina abin da ya sa mutanen da ke raba wa junansu kujera suka tuna da mai warin kifi rana tsaka ba. Gaskiya kaina ne ya kumbura, na fito ina jin ƙasa ta yi mini kaɗan.

A wurinsu canjin ma'aikaci ne kawai aka yi. A wurinmu kuwa naɗi ne, kuma a nan na faɗa rami. Mahaifiyata ta rangaɗa guɗa, na yanka raguna, aka dafa shinkafa, mutanen Ruwais da na unguwar Nuzla suka yi ta tururuwa suna yi mini murna, dattawa suna cewa yau ɗaya daga cikinmu ya zauna inda ba a saba ganinmu ba. Mu kuma a tarbiyyarmu, wanda Allah ya ɗaga ba ya rufe ƙofa, kuma da danginsa yake farawa. Ina da ƙanwa ɗaya tilo, mijinta Bahaushen Sudan ne, mutum mai sanyin hali, yana kwaɓa fulawa a wani gidan burodi a unguwar Ammariyya. Mai gidan burodin shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a hukuma, kuma shekara da shekaru bai taɓa barin iƙamarsa ta zaman ƙasa ta mutu ba. Ni na ga bai dace a ce surukin mudir yana yawo da gari a gira ba. Da yake ya taɓa aikin injin jirgin ruwa a Fatsudan, tashar jiragen ruwa ta Sudan, na ce ya dawo ƙarƙashin kamfani ya riƙe mana injin ruwa. Ya yi ta noƙewa, yana cewa yaya, inda nake ya ishe ni. Na nuna masa ɓacin rai, mahaifiyata ta sa baki, ya bi don kunya. Mai burodin ya sake shi, amma ya gaya masa a gabana cewa ya riga ya yi wa wani alkawarin gurbinsa, in ya fita ba dawowa.

Ba a daɗe ba na ga wasu mutane sun shigo da igiyar awo suna kafa turaku a tsakanin lilon yara da tafkin kunkuru. Na fito sanye da alkyabbata na tambaye su wa ya ba su izini. Ɗayansu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ai filin an sayar tun kafin azumi, gine-gine za a yi. Nan na gane komai. Filin bakin teku ya yi tsadar da kifi da masu ba kifi abinci sun zama shara a kansa, magadan kuma ba sa son su tsaya gaban ma'aikata su sallame su, ba sa son a ce 'ya'yan wane sun bar dabbobin ubansu sun mutu. Suna neman wanda zai tsaya a ƙofa ya sha zagi ne, mai takardar ɗan ƙasa wanda sa hannunsa zai karɓu, kuma wawan da zai yi godiya. Albashi ya tsaya cak. Ma'aikata suka daina zuwa ofis, suka koma zuwa ƙofar gidana, a gaban mutanen da suka ci ragunana. Lokacin sabunta iƙamar surukina ya zo ya wuce, kullum na je gidan magadan sai a ce gobe in sha Allahu.

Sai injin ya mutu, babu kuma kuɗin sayen abin da ya lalace. Surukina ya yi iya yinsa, ya ɗaure nan ya toshe can, abin ya ƙi. Kifayen gilashi suka fara juya ciki sama. Macen abu salama ta mutu da hantsi, namijin yana ta zagaya ta yana tura ta da baki. Ban iya kallon wannan ba. Na roƙi wani masunci ya ara mana motar ɗaukar kaya, muka taru da surukina da 'yan ma'aikatan da suka rage muka ciccibi namijin a tamfal. Rana tana dukan bayansa, fatarsa ta fara bushewa, ba mu da abin rufa shi. Na cire alkyabbar na tsoma a ruwa na shimfiɗa masa. Iyakar amfanin da ta taɓa yi ke nan. Muka kai shi inda ruwa ke da zurfi muka sake shi, ya ɗan yi jim sannan ya nutse. A hanyar dawowa masu duba takardu suka tsayar da mu. Na nuna tawa aka ce in wuce. Aka dubi ta surukina aka ce ya sauko. Ya sauko jiƙe sharkaf, ya ce in gaya wa ƙanwata kada ta jira shi da abinci.

Daga nan na wuce gidan magadan da kayana masu ƙarni. Na tarar da su suna shan iska, ana zuba musu gahawa. Na gaya musu hannu ɗaya kawai za su sa a takarda, surukina ya koma ga 'ya'yansa. Babban ya toshe hanci da gefen mayafin kansa, ya ce ai kamfanin an riga an rushe shi, babu kafilin da zai sa hannu, kuma sha'anin ma'aikata na mudir ne, ni ne kuwa mudir. Mai tayoyin ya tambaye ni ina alkyabbar, wai ta marigayi ce suna son a dawo da ita. Ban taɓa raina 'yan Adam kamar yadda na raina mutanen nan a ranar ba, kuma har yau ban rage ko kaɗan ba. Na je wurin mai burodi na durƙusa, ya ce ya gaya mana tun farko, kuma gaskiya ya faɗa. Aka sa surukina a jirgin ruwa zuwa Fatsudan. Ƙanwata ta kwashe 'ya'yanta ta bi shi, ta yi sallama da kowa a unguwa ban da ni. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta sake ganinta ba.

Abin da na koya shi ne, wanda bai taɓa ganin girmanka ba lokacin da wuri ke da daɗi, in ya kira ka ya ba ka shugabanci lokacin da albashi ke latti, ba ɗaukaka ka yake yi ba, wurin ajiye kunyarsa yake nema. 'Yan uwa da ke aiki a ƙasar nan, kafin ku yanka rago ku tambayi wanda ya bar kujerar abin da ya kore shi. Kuma ko an ba ku, kada ku taɓa ɗan'uwan da ke zaune lafiya da kafilinsa, komai ƙanƙantar aikinsa, don takardar da ke aljihunku ba ta rufe shi. Ni an bar ni na wuce, shi aka sauke. Har yau tsofaffin Ruwais Mudir suke kirana, wasu don sabo, wasu da gangan, kuma ina amsawa, domin ba ni da bakin hana su.