Layin da Gwaggo Tafireta ta Buga

A bakin Mama na fara jin sunan. Ina 'yar shekara tara, muna cin abinci, ta ce ta haɗu da Tafireta a asibiti, duk ta rame. Baba ya ajiye cokali ya ce, "Ban hana a kawo mini zancenta a gidan nan ba?" Sai daga baya na san yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta raine shi bayan rasuwar kakarmu.

Shekara ashirin da shida Gwaggo ta yi a ƙaramar hukuma tana buga bayanan zaman kansiloli da keken rubutu, wato tafireta. Ofishinta na ƙarshen baranda, taga ɗaya, da fanka mai ƙara. Ko da aka kawo kwamfuta, sunan bai sake ta ba. Ranar zama takan rakuɓe a kusurwa da littafinta, ta rubuta wa ya zo, wa ya ce me. Shugaban majalisa kansa in ya yi suɓutar baki sai ya waiga ya ce, "Tafireta, ki yi mini rai, kar ki sa wannan." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai har ya shiga."

Da aka zaɓi Baba kansila, ta fi kowa murna.

Majalisar tana da ƙa'ida: duk wanda ke da hannu a maganar da za a yanke, ya tashi ya fita, a rubuta cewa ya fita. Sai ga maganar filin bayan tasha, inda kafintoci ke da rumfuna. Wani kamfani na so ya gina shaguna a wurin. Sunan ƙanen Mama ne a takardar kamfanin, amma Gwaggo ta riga ta ga zanen ginin a kan teburin Baba.

Da aka zo kan batun, ta ɗago kai ta dube shi. Ya kau da ido, bai tashi ba. Ya yi ta zuba bayani har masu shakka suka bi shi.

Washegari ya same ta a ofis, ya turo ƙofa.

"Yaya, layi ɗaya ne. Ki sa na fita."

"Ka fita?"

"Haba Yaya! Kafintocin nan sun ɗauki lauya. In ya ga sunana a ciki, kujera ta tafi, kotu ta biyo baya. Ke da kika goya ni, ke za ki miƙa ni?"

"Da na san nauyin da za ka yi, da tun a hanya na sauke ka."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Amma ta buga.

Da wannan takarda aka kori ƙarar, katafila ta shiga filin. Bayan sati biyu wani dattijon kafinta ya tare ta a bakin ofis ya ce, "Hajiya, mun zargi ƙanenki, Allah Ya yafe mana. Da lauya ya ce ke kika rubuta ya fita, muka ce shi ke nan, ya fita." Gwaggo ta ce ta rasa inda za ta sa idonta.

Da aka gama ginin, Baba ya aika mata makullin shago ɗaya. Ta mayar masa a ranar. Ta ajiye aiki tun lokacinta bai yi ba, ta ɗauke ƙafa daga gidanmu. Shi kuma ya ce ta tozarta shi a idon dangi.

Sai da na gama sakandare na fara zuwa wurinta, ba da sanin Baba ba. Ita ta ba ni labarin nan, tana tsinke zare a bakin mayafinta. Da na miƙe zan tafi, ta riƙo hannuna.

"'Yar ƙanena, ban ce ki kai ubanki ko'ina ba, ubanki ne. Ni hannuna rawa yake yi yanzu. Ki samu takarda mai kyau, ki sa kwanan watan zaman nan, ki rubuta mini cewa bai fita ba, ni ce na ce ya fita. Ki kawo in sa hannu."