Gahawar da Na Sha a Riyadh

Shekara tara ina aikin jinya a Riyadh ban taɓa kai gahawa bakina ba. Wanda ya san garin ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kafin ka ajiye tiren allura a ɗakin majinyaci, 'yan'uwansa sun miƙo maka ɗan kofi da dabino. Sai in dafa ƙirji in ce shukran, su bi ni da kallo kamar na zagi iyayensu. Dalili kuwa, ni da maigidana 'yan Mormon ne, wata ɗariƙar Kirista, tun daga Jos, kuma a wajenmu ba a shan shayi, ba a shan gahawa.

Shi injiniya ne a wani kamfani a Sulay, muna zaune a Jaradiya da 'yarmu tilo. Ikamata, wato katin zama, asibiti ne ya yi mini. Ta yarinyar kuwa a ƙarƙashin ubanta take, don matsayina bai kai in ɗauki nauyin kowa ba. Ranar Juma'a muke sujada a falon wani ɗan'uwa a bangaskiya, a saki labule, a yi waƙa ƙasa-ƙasa, a zaga da burodi da ruwa.

Kada a tambaye ni ranar da bangaskiyata ta tafi, ban sani ba. Na dai lura in na durƙusa addu'a, muryata kaɗai nake ji. Da abin ya ishe ni na zaunar da maigidana na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ce, "Ki bar wannan a tsakaninmu. Ki dai riƙa zuwa sujada. Kada yarinya ta sani, kada mahaifiyata ta ji." Shekara guda cur muna a haka, yana cin abincinsa, yana barcinsa har da minshari.

Sai wata tsohuwa Balarabiya da na yi wata biyu ina wanke wa gyambon ciwon suga ta samu sallama. Da hannunta ta zuba gahawa ta miƙo mini, ta ce, "Ya binti," wato 'yata. Na tsaya ina tunani: don wa zan ƙi? Na karɓa na shanye. Ɗaci ma na ji, wallahi ko daɗi bai yi mini ba. 'Yarta ta cusa mini ƙullin garin gahawa a aljihun riga, na zo gida na tura shi bayan buhun shinkafa.

A watan ne 'yarmu ta cika shekara takwas, shekarun da ake yi wa yara baftisma, surukata ta zo daga Jos don bikin. Mace ce da ba ta iya zama, kwana biyu da zuwanta ta birkice mini kicin da sunan gyara. Na dawo daga aiki da la'asar na tarar da ƙullin a tsakiyar tebur, ita da ɗanta sun sa shi a gaba kamar an kama ɓarawo.

"Na wane ne wannan?" in ji ta.

"Nawa ne, Mama."

"Sha kike yi?"

Maigidana yana ta ƙifta mini ido in ce kyauta ce kawai. Ni kuwa na gaji. Na ce na sha, kuma ba gahawa ce maganar ba, na daina gaskatawa, ɗanta ma ya sani tun bara. Ta ɗora hannu a ka ta dasa kuka. Shi kuma da ya shekara bai ce uffan ba, ranar ya tashi da tsawa wai na rusa masa gida. Haba! Rashin bangaskiyata bai hana shi barci ba, sai ɗan kofin da bai kai ƙwan kaza ba? Kunyar uwarsa ce ta dame shi, ba raina ba.

Aka yi baftisma, gida ya yi tsit. Sai suka ce yarinyar ta raka kakarta Jos ta yi hutun makaranta. Na yarda, har ina ganin za ta huta da zaman kurame da muke yi. Ana saura kwana huɗu tafiya ina shirya mata akwati, ita kuma tana wasa da fasfo ɗinta. A nan ta girma, Larabcinta ya fi Hausarta. Ta zaro wata takarda daga ciki ta karanta da ƙarfi, sannan ta ɗago.

"Momi, me ya sa aka rubuta niha'i? Ba zan dawo ba?"

Bizar fita iri biyu ce a ƙasar: akwai ta fita da dawowa, akwai huruj niha'i, fitar da ba a komowa. Wanda ikamar yaro ke ƙarƙashinsa shi ke yankewa, a wayarsa ma yake yi, ba mai tambayar uwa. Ashe sun gama shiri Jos za ta zauna, kakarta ta rene ta cikin bangaskiya, ni ina nan ina ninke mata kayan hutu kamar wata sakarya.

Da ya dawo na tare shi a bakin ƙofa da takardar. Bai ko musa ba.

"Ba zan bar 'yata ta tashi a hannun wadda ba ta gaskata komai ba."

"'Yarka? Kai ka yi naƙudarta? Da ka ce in yi shiru, ban yi ba? Munafuncin da ka roƙe ni, akwai ranar da na fasa?"

Ya ce hanya ɗaya ce. Juma'ar da ke tafe ita ce ta farkon wata, ranar da muke azumi, duk wanda ya ji a ransa ya miƙe ya ba da shaida. In na miƙe a gaban Mama na shaida, zai soke bizar. In ban yi ba, jirgi Asabar ne.

Ba ni da inda zan kai ƙara. Me zan ce, a ƙasar da sujadar tamu ma a bayan labule muke yi? Sauran 'yan'uwa kuwa ba su san komai ba, ba su suka sa shi ba, wasunsu da sun ji da sun tsawata masa.

Juma'a na miƙe. Na kama bayan kujera na ce na sani wannan hanya gaskiya ce, na sani ana jin addu'ata. Hawaye na zuba, kowa ya ɗauka na tuba ne, alhali baƙin ciki ne kamar ya kashe ni. Surukata ta rungume ni tana godiya ga Allah. A mota, kafin ya tada inji, ya ciro waya ya soke bizar. Ko minti biyu bai yi ba.

Da muka isa gida na shiga ɗaki ina fitar da kayan yarinyar daga akwati. Ta biyo ni ta rufe ƙofa, ta tsaya tana kallona da idanun nan nata.

"Momi, abin da kika faɗa ɗazu, da gaske kin sani?"

Takalman ubanta suna bakin ƙofa, ina jin muryar kakarta a falo. Wayar da ya soke bizar da ita tana aljihunsa, cikin minti biyu zai iya sake yin wata.

Na ce mata, "E, na sani."

Ta yi murmushi ta faɗa jikina. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba sai ranar. Na yafe wa uwarsa binciken kicin, na yafe masa tsawar, amma wannan har yau ban yafe ba.