Lado Ya Kama Birki a Batagarawa

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran keke a Kambarawa, ban taɓa ganin ƙafa irin ta Lado mai nono ba. Dogo ne siriri, in ka gan shi a tsaye sai ka ji tausayinsa. Amma kullum da sassafe yake ɗaura jarkokin nono huɗu a bayan tsohon kekensa, ya taso daga rugarsu da ke bayan Batagarawa, ya sauke wa masu fura a Babbar Kasuwa, ya koma ya ɗauko wasu. Sawu biyu, rani da damina. Ni nake canza masa sarƙa, don haka na san abin da nake faɗa: mutumin nan cinye ƙarfe yake yi.

Abu ɗaya ke tsayar da shi a hanya. Surukinsa, Baffa Gidaɗo, mahaifin matarsa Haulat, yana da wata dalbejiya a bakin titin Batagarawa, inda yake shimfiɗa tabarma da hantsi tun kafin a zuba wa titin kwalta. Lado bai taɓa wuce shi a kan sirdi ba. Sai ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, a gaisa har a tambayi lafiyar shanu. Haka aka rene shi, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba sai rana ɗaya.

Da ƙungiyar masu tseren keke ta sanar da gasar jiha ta waɗanda ba sana'arsu ba ce, ni na kai masa labari. Kilomita sittin: a tashi daga cikin gari, a bi ta Batagarawa a wuce, a juyo a dawo. Mutum uku na farko su za su shiga tawagar jiha, a kai su gasar ƙasa. Lado ya ce, "Sagir, rigar da za a ba su, da sunan Katsina a bayanta?" Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce, "To, rubuta ni."

Na haɗa masa keken tsere da kayan gwanjo, taya daga nan, giya daga can. Ranar da ya fara hawa ya dawo yana dariya, wai ji yake kamar ya manta wani abu a gida, don babu jarka a bayansa. Hular kwano ya karɓa, amma ɗan matsattsen wandon nan na 'yan tsere ya ce ko gawarsa ba za ta sa ba. Da dogon wandonsa ya shiga, ya ɗaure ƙafafun da roba.

Maganar Baffa kuwa mun lissafa ta. Ƙarfe bakwai za a tashi, kafin tsoho ya fito da tabarmarsa an je an dawo. Abin da ba mu lissafa ba shi ne babban baƙon da zai ɗaga tuta. Sai tara saura ya iso, ya kuma yi jawabi.

Aka busa usur, mutum arba'in da wani abu suka zabura. Ina bayansu a kan babur da gorar ruwa da tayar safaya. Samari 'yan gayu masu tabarau suka cika gaba, Lado na can tsakiya yana tuƙi kamar mai zuwa kasuwa. Da muka wuce dalbejiya na duba, babu kowa, na yi hamdala. Daga nan hanya ta fara hawa, iska ta taso ta gaba, 'yan gayu suka fara haki. Shi kuwa wanda ya saba jan jarka huɗu a cikin wannan iskar, bai ma san ana wahala ba. Ya wuce wannan, ya wuce wancan. Kafin a kai wurin juyawa ya fita gaba shi kaɗai.

Zo ka ga murna a hanyar dawowa. Manoma suka bar gona suka fito bakin titi, masu babur suka rako mu da oda, wata mai tallar nono ta gane shi ta rangaɗa guɗa. Ni kaina muryata ta dushe. Na waiga, ban hango na biyu ba sai can nesa, ɗan ƙarami. Wallahi a raina har na gama sa masa rigar.

Muna shigowa Batagarawa na hango farar tabarma, da tsoho a kai yana jan carbi. Na matso kusa da Lado ina cewa, "Lado, ɗaga mai hannu kawai. Ka ji ni? Hannu kawai."

Ban ce bai ji ba. Na dai ga yatsunsa sun kama birki da kansu. Ya sauka, ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna da hular kwano a kansa.

"Baffa, ina kwana."

"Lahiya lau. An tashi lahiya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baffa."

"Ya iyali? Ya ɗiyata? Ya yaran? Saniyar nan mai ɗingishi ta samu sauƙi?"

Yana amsawa na biyu ya wuce fuu. Sai na uku. Sai wasu huɗu a jere. Ni ina kan babur kamar in fashe da kuka, ga shi ba ni da bakin katse dattijo. Baffa ya bi su da kallo ya ce, "Waɗanga mi ya koro su?"

"Tsere ne, Baffa."

"Kai kuma hwa?"

"Ina ciki."

Tsoho ya dube shi, ya dubi hular, ya dubi lambar da ke manne a ƙirjinsa. Ya ɗaga sandarsa ya nuna titi. "Tashi ka tahi. Tashi na ce."

Abin da na gani daga nan zuwa gari, har in mutu ba zan manta ba. Takalmi ɗaya ya samu sawa, ɗayan ya bar shi a gindin dalbejiya. Ya miƙe tsaye a kan feda, keken na ƙara kamar zai rabu biyu, ni da na haɗa shi ina ta addu'a kada ya kunyata ni. Mutum shida ne a gabansa. Ya kamo na shida kafin a fita Batagarawa. Ya kamo na biyar da na huɗu tare, suna kallonsa baki buɗe. Da muka shigo gari jama'a sun yi layi hagu da dama, ana ta kiran "Mai nono, mai nono." Na uku wani yaron makaranta ne, Mahmud, shi ma ba daga nan ba. Suka jera kafaɗa da kafaɗa, kai a ƙasa, har kan farin layin.

Da rabin taya Mahmud ya riga shi. Lado ya zo na huɗu.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na same shi zaune a ƙasa, tafin ƙafarsa na jini, na ce masa gaisuwa ɗaya ta cinye mana riga. Ya sha ruwa ya ce, "Da na wuce shi, da wane ido zan shiga gidanshi?" Sai na hau ɗaure masa ƙafa.

Baffa bai taɓa ta da maganar ba. Amma tun daga wannan makon Lado ya daina ganin tabarma a bakin titi. Kwana uku a jere yana wucewa babu kowa, har hankalinsa ya tashi, ya tambayi Haulat ko tsoho ba shi da lafiya ne. Ta ce lafiyarsa ƙalau, ta je ta gan shi. Ya mai da tabarmarsa cikin zaure, ya ce a nan zai riƙa zama da hantsi har sai an yi tseren baɗi an gama.

A rumfata Lado ya ba ni wannan labarin, yana kallon ƙasa, idonsa ya cika da hawaye. Can ya ce in sauko masa da keken, in duba sarƙar.